Aikin Tuƙin Jirgin Sama: Yadda Ake Ɗaukar Matuƙa, Ganawar Neman Aiki da Ƙarin Girma

A gidajenmu da yawa da ke ƙasashen waje akan sami yaro ko yarinya da ke cewa in ya girma matuƙin jirgin sama zai zama. Buri ne mai kyau, kuma sana'a ce mai daraja. Sai dai karatun na da tsada ƙwarai. A Birtaniya, ɗaukar yaro daga farko har ya sami takardun da kamfani zai duba yakan ci kusan fam dubu 100, a Amurka ma kusan dala dubu 100 ko fiye. Akwai iyayen da kan jinginar da gida ko su ci bashi saboda wannan. Don haka ya kamata a san abu ɗaya tun kafin a fitar da ko sisi: samun lasisi daban, samun aiki daban. Makaranta na iya ba yaro lasisi, amma kamfani ne ke ba shi kujera a cikin jirgi, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne mafi yawan asara ke aukuwa.

Lafiya kafin komai

Matakin farko shi ne gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, wanda likitocin da hukumar sufurin jiragen sama ta amince da su ne kaɗai ke yin sa. Ana duba ido, ji, zuciya, huhu, jini da fitsari, a kuma yi tambaya a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Sa tabarau ba ya hana mutum aikin muddin ganinsa ya gyaru da shi daidai yadda doka ta ce. Abin da ke kayar da samari da yawa shi ne rashin iya bambance launuka, musamman ja da kore, kuma wasu ba su san suna da matsalar ba sai ranar gwajin.

Akwai kuma abin da ya shafi jama'armu kai tsaye, wato sikila. A ƙa'idar Turai, mai cikakkiyar cutar sikila, mai jinin SS, ba ya samun wannan takarda. Mai jinin AS kuwa galibi ba ya fuskantar cikas idan lafiyarsa ƙalau take. Shawara a nan ita ce a yi gwajin a karɓi takardar kafin a biya kuɗin makaranta, domin kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da na karatu. A kuma sani cewa takardar ba ta dindindin ba ce. Ana sabunta ta duk shekara, a Amurka kuma wanda ya kai shekara 40 sai duk wata shida. Ranar da matuƙi ya rasa ta, ranar aikinsa ya tsaya, shi ya sa da yawa ke yin inshora a kanta.

Lasisi da awannin tashi

Lasisi hawa uku ne. Na farko shi ne na mai tuƙi don kansa, wanda a Amurka ake samu daga shekara 17 da awa 40 a sama, mafi ƙaranci. Na biyu shi ne na kasuwanci, wanda ke ba mutum damar karɓar albashi a kan tuƙi. Ana samunsa daga shekara 18, da kimanin awa 200 a Turai, 250 a Amurka. Na uku shi ne babban lasisin jiragen fasinja, wanda ake kira ATPL a Turai, ATP a Amurka, kuma shi ke neman awa 1,500. Ban da waɗannan akwai shaidar iya tuƙi da na'urori kawai a cikin gajimare ko hazo, da ta jirgi mai inji fiye da ɗaya, da kuma ta kowane irin babban jirgi. Wanda ya ƙware a Boeing 737 ba zai hau Airbus A320 ya tuƙa ba sai ya yi kwas ɗinsa, kuma kwas ɗin kaɗai kan ci kusan yuro dubu 20 zuwa 30.

Har ila yau, Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai hedkwata a Montiriyal ta Kanada, ta wajabta tun 2008 cewa duk matuƙin da ke tsallaka ƙasashe ya ci jarrabawar Turancin aiki a mataki na 4 cikin 6. Wannan ya shafi yaran da suka tashi da Faransanci ko Larabci, kamar na Kamaru, Chadi, Sudan da Saudiyya.

Hanyar Turai da hanyar Amurka

A Birtaniya da Tarayyar Turai ɗalibi na rubuta jarrabawa 13, kuma kowacce sai ya sami kashi 75 cikin ɗari. Idan ya haɗa su da lasisin kasuwanci da kwas ɗin aiki tare da abokin tuƙi, zai iya zama mataimakin kyaftin a jirgin fasinja da awa 200 kacal, ya ci gaba da tara sauran yana bakin aiki. Karatun iri biyu ne. Akwai na gaba ɗaya a makaranta guda, mai ɗaukar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, akwai kuma na daki-daki, inda mutum ke aikinsa yana biya kaɗan-kaɗan. Na biyun ya fi araha, kuma lasisin da ake samu a ƙarshe iri ɗaya ne. Iyalan da ke Birtaniya su lura cewa tun farkon 2021, bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, lasisin Birtaniya ba ya aiki a kan jiragen da ke da rajistar ƙasashen Tarayyar. Wasu makarantu na shirya ɗalibi ya sami lasisin duka biyun, da ƙarin kuɗi.

A Amurka lamarin ya bambanta. A watan Fabrairun 2009 jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bincike ya nuna kuskuren matuƙa, ya kuma tona irin ƙaramin albashin da ake ba su a ƙananan kamfanoni, inda mataimakiyar kyaftin ɗin jirgin ba ta samun ko dala dubu 20 a shekara. Majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 2010, kuma daga 2013 hukumar FAA ta wajabta wa mataimakin kyaftin ma ya mallaki lasisin ATP. An yi sassauci ga tsofaffin matuƙan soja, waɗanda awa 750 ta ishe su, da masu digirin fannin jiragen sama daga jami'o'in da aka amince da su, awa 1,000, da masu karatun shekara biyu, awa 1,250. Saboda haka wanda ya gama makaranta da awa 250 yana da sauran tafiya. Yawanci koyarwa suke kamawa a makarantun tuƙi na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a kan ɗan albashi, sannan su shiga ƙananan kamfanonin da ke jigila tsakanin garuruwa, daga nan su nemi manya irin su Delta, United da American.

Takardar zama da izinin aiki

Wannan shi ne abin da iyalai baƙi suka fi mantawa da shi. Kamfani ba ya ɗaukar sabon matuƙi sai yana da izinin aiki a ƙasar. Bizar karatu ta M-1 da makarantun Amurka ke nema wa ɗalibai ba hanyar zama ma'aikacin kamfanin jiragen ƙasar ba ce, amma mai katin zama na dindindin zai iya neman aikin ko bai zama ɗan ƙasa ba. Duk wanda ba ɗan Amurka ba kuma sai hukumar tsaro ta TSA ta tantance shi kafin ya soma koyon tuƙi, dokar da aka kawo bayan harin 11 ga Satumba 2001. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, shirye-shiryen horar da sababbin matuƙa galibi na 'yan ƙasa ne. Kamfanoni irin su Emirates da Qatar Airways na ɗaukar baƙi da yawa, amma mafi yawansu waɗanda suka riga suka tara dubban awanni ne a wani wuri. Yaron da aka haifa a Jidda ko Makka ba shi da takardar ɗan ƙasa ya kamata ya san haka tun da wuri.

Fasfo ma na da tasiri, domin matuƙi na buƙatar shiga duk ƙasar da jirgin kamfaninsa ke zuwa. Sannan a Birtaniya, kafin a ba mutum katin shiga cikin filin jirgi, sai ya kawo shaidar inda yake da abin da yake yi a shekara biyar da suka wuce, ba tare da giɓi ba, da takardar 'yan sanda daga duk ƙasar da ya zauna wata shida ko fiye. Iyayen da kan tura yara gida Kano ko Damagaram su yi shekara ɗaya ko biyu suna karatu, sai su adana takardun makarantar da kyau.

Masu tunanin komawa gida kuwa, Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa, kuma a nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Nijeriya, ta yi karatu, daga baya ta shugabanci kwalejin. Kamfanin jiragen Habasha ma na da babbar makaranta a Adis Ababa. Sai dai lasisi na ƙasar da ta bayar da shi ne. Mai son aiki da shi a wata ƙasa sai ya sake wasu jarrabawoyi an mayar masa da shi na can.

Shirye-shiryen kamfanoni

Wasu kamfanoni na zaɓar ɗalibai tun kafin su soma karatu. British Airways ta buɗe shirin Speedbird Pilot Academy a 2023, inda take biyan kuɗin karatun gaba ɗaya, kuma a zagayen farko sama da mutum dubu 20 ne suka nemi gurabe 100. United na da makarantarta ta Aviate a jihar Arizona, wadda ke ba ɗalibi hanyar zuwa kamfanin, amma ba kyauta ba ce. Kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya a tambaya: alƙawarin aiki ne, ko alƙawarin ganawa kawai? Idan kamfanin ya fasa ɗauka, wa zai biya bashin? Shekara nawa za a ɗaure yaro kafin ya iya barin aikin? A kuma guji biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya a dunƙule, domin an sha ganin makarantun tuƙi sun rufe da kuɗin ɗalibai. Haka nan a yi hattara da masu cewa a biya su don a bar yaro ya tuƙa jirgin fasinja ya tara awanni. Ƙungiyoyin matuƙa sun daɗe suna yaƙi da wannan ɗabi'a.

Yadda ganawar take

Tantancewa kan ɗauki matakai huɗu ko biyar. Da farko ana duba takardu da kundin awanni, inda matuƙi ke rubuta kowane tashi da ya yi. Lissafin da bai daidaita ba, ko awannin da aka ƙara, na iya kashe maganar nan take. A Amurka doka ta tilasta wa kamfani ya binciki tarihin mai nema tun 1996, kuma a yau akwai rumbun bayanai da ke nuna duk gwajin tuƙin da mutum ya taɓa faɗi. Faɗuwa ɗaya ba ta hana aiki. Ɓoye ta ne ke hanawa.

Na biyu, gwajin basira a kwamfuta: lissafin ka, saurin fahimta, haɗa aikin ido da hannu, da yin abu biyu ko uku a lokaci guda. Na uku, aikin rukuni, inda ake haɗa masu nema a ba su matsala su warware tare. Wanda ya danne kowa da surutu yakan faɗi, haka ma wanda ya yi gum. Na huɗu, zama da kyaftin da jami'in ɗaukar ma'aikata. Akan yi tambayoyin sana'a a kan yanayi, dokoki da yadda jirgi ke aiki. Alal misali, jirgi na tafiya a ƙafa dubu 30, daga ina zai soma sauka? Ƙa'idar ita ce a ninka dubban ƙafa sau uku, wato kimanin mil 90 na ruwa kafin filin. Sannan sai tambayoyin hali: ba mu labarin ranar da ka yi kuskure, ko ranar da ka saɓa da na gaba da kai. Abin da ake so shi ne labari na gaskiya, da abin da mutum ya yi da kansa, da darasin da ya ɗauka. Na ƙarshe shi ne na'urar kwaikwayon tuƙi. Ba a sa ran mai nema ya ƙware a jirgin da bai taɓa hawa ba. Ana kallon ko yana sauraron gyara, ko yana ƙaruwa daga minti zuwa minti, da yadda yake aiki da abokin zamansa. A Tarayyar Turai an ƙara gwajin lafiyar tunani kafin fara aiki, bayan haɗarin jirgin Germanwings na 2015 da ya kashe mutum 150.

Akwai dalilin da ya sa kamfanoni suka damu da hali haka. A watan Maris 1977 jiragen KLM da Pan Am suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife, mutum 583 suka mutu. Injiniyan jirgin KLM ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, babban kyaftin ya ce ya bari, ba wanda ya sake ja da shi. Daga irin wannan ne aka fito da horon aiki tare a ɗakin tuƙi, wanda ya ɗora wa ƙarami nauyin yin magana idan ya ga babba zai yi kuskure. Yaranmu an tarbiyyantar da su a kan kunya da girmama na gaba, kuma wannan abin alfahari ne. Amma yaron da aka tambaya me zai yi idan kyaftin ya karya doka, ya ce zai yi shiru don ladabi, ya faɗi ganawar. Iyaye za su taimaka idan suka saba wa yara da faɗin gaskiya a gaban manya cikin ladabi, da kallon mai tambaya, da ɗaga murya yadda za a ji.

Ƙarin girma

Sabon matuƙi na zama a kujerar dama a matsayin mataimaki, da igiya biyu ko uku a kafaɗa. Kyaftin na kujerar hagu da igiya huɗu. Daga nan akwai kyaftin mai koyarwa, da mai jarrabawa, da shugaban matuƙa na kamfani. A Amurka sai mutum ya yi awa 1,000 a aikin kamfanin jirage kafin ya cancanci zama kyaftin. A kamfanoni masu araha da ke faɗaɗa da sauri ana iya kaiwa cikin shekara huɗu zuwa shida, a tsofaffin kamfanoni masu dogon zango kuwa yakan wuce shekara goma.

Abin da ke juya rayuwar matuƙi, musamman a Amurka, shi ne lambar daɗewa, wadda ake ba shi ranar da aka ɗauke shi. Da ita ake zaɓar garin zama, irin jirgi, ranakun hutu da lokacin zama kyaftin. Na ƙasa shi ke zaman jiran kira, shi ke aikin dare, kuma ba lallai ya yi sallah a gida ba a shekarun farko. Idan aka zo rage ma'aikata, daga ƙasa ake farawa. Lambar kuma ba ta bin mutum. Kyaftin mai shekara 20 a bakin aiki, in kamfaninsa ya rushe ya koma wani, daga ƙasa zai soma. A yankin Gulf da wasu sassan Asiya da Afirka akan ɗauki ƙwararren kyaftin kai tsaye a kan kwantiragi, amma zamansa a ƙasar na rataye ne da aikin.

Jarrabawa ba ta ƙarewa. A Turai ana gwada matuƙi a na'urar kwaikwayo duk wata shida. Doka ta kayyade tashi ga awa 900 a shekara a Turai, 1,000 a Amurka. Shekarun ritaya a manyan jiragen fasinja 65 ne a yawancin ƙasashe. Amurka ta ɗaga su daga 60 a 2007.

Kasuwa mai hawa da sauka

Makarantu kan yi talla da cewa duniya na fama da ƙarancin matuƙa. Wani lokaci gaskiya ne, amma tarihi ya nuna abin juyi-juyi ne. Bayan harin 2001 kamfanonin Amurka sun sallami dubban matuƙa, wasu suka yi shekaru suna jira. Air Afrique ya rushe a 2002, Nigeria Airways ya daina tashi a 2003. A Birtaniya Monarch ya rufe a 2017, Thomas Cook a 2019, Flybe a 2020. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da ɗaukar aiki kusan ko'ina, waɗanda suka gama karatu a shekarar suka zauna da bashi da lasisin da sai an riƙa biya ana sabunta shi. Sai ga shi a 2022 da 2023 kamfanonin Amurka sun ɗauki matuƙa fiye da kowane lokaci a baya, albashin ƙananan kamfanoni ya yi tsalle, Delta ma ta janye sharaɗin digiri a 2022. A 2024 kuma abin ya lafa, saboda jinkirin kawo sababbin jirage da wasu dalilai. Tunda karatun na ɗaukar shekara biyu ko fiye, kasuwar da yaro ya gani ranar shiga ba ita zai tarar ranar fita ba.

Abin da ya kamata iyali su yi

A taƙaice dai, a fara da gwajin lafiya. A biya wa yaro tashin gwaji na awa ɗaya a ƙaramin jirgi a ga ko zuciyarsa za ta ɗauka. A tabbatar da ƙasar da yake da izinin aiki, a yi lasisin wannan ƙasar. A nemi shirye-shiryen da kamfani ke biya kafin a taɓa kuɗin gida, a kuma tambayi makaranta ɗalibai nawa cikin waɗanda suka gama bara ke tuƙi a yau. Yana da kyau yaro ya riƙe wata sana'a ko digiri a hannu saboda ranar da lafiya ko kasuwa za ta juya. 'Yan mata ma ƙofa a buɗe take gare su, ko da yake har yanzu mata ba su wuce kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na matuƙan duniya ba. Wanda lafiya ko kuɗi suka hana shi tuƙi kuwa, akwai aikin injiniyan jirgi, da kula da zirga-zirgar jirage daga hasumiya, da tsara tafiyar jirage a ofis, duk ayyuka ne masu mutunci da ba su kai tuƙi tsada ba.

Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya sa a dace.